Yadda Ajinmu na Alƙahira Ya Yi wa Mahaifiyata Shari'a

Shekarun baya, lokacin ina karatun injiniyan gine-gine a wata jami'a a Alƙahira, na ɗauko wa kaina kayan da ba wanda ya aza mini. Jami'ar tamu da Turanci take koyarwa, kuma tana da wani tsari: ban da babban fannin da ya kawo ka, an yarda ka riƙe wani ƙarami a gefe. Abokan karatuna masu hankali suka ɗauki kasuwanci ko kwamfuta. Ni kuwa da na ji akwai fannin koyon rubuta ƙagaggun labarai, sai na ce to ga wurin hutu. Mutumin da ya tashi a gaban kaka mai tatsuniya, kuma duk majalisar da ya zauna shi ke riƙe da baki, me ya rage a koya masa game da labari? Na ƙudurta zan riƙa zuwa ina shan sanyin na'ura, in huta da lissafin siminti da rodi, in kwashi maki a ɓagas. Tsuntsun da ya ja ruwa dai, shi ruwa kan doka.

A unguwar Ainu Shams nake zaune lokacin, can saman wani tsohon bene, ni da abokina ɗan Damagaram mai karatun shari'a. Da na gaya masa abin da na zaɓa, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce wato iyayena sun turo ni Masar, ƙasar malamai, don in koyi shirya ƙarya har a ba ni takardar shaida. Na ce ai ƙarya ce mai lasisi. Ya ce ma'alish, wato ba komai, Allah ya shirye ni, ya koma kan littafinsa.

Malamarmu wata dattijuwa ce 'yar Masar, gajeruwa, gilashinta kullum a rataye a wuya. Daga unguwar Ma'adi take zuwa, kuma ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ba mu da yawa a ajin, a zagaye da teburi ɗaya muke zama, ni kaɗai ne Bahaushe. Tun ranar farko ta kafa mana doka. Duk wanda za a tattauna labarinsa, za a raba wa kowa ya karanta a gida, ranar tattaunawa kuma shi mai labarin zai zauna ya kama bakinsa har a gama. Babu bayani, babu kare kai, ko gyaran murya ba ta yarda ba. Ta ce littafi in ya fita, marubucinsa ba ya bin sa gida-gida yana cewa ga abin da nake nufi. Na gyaɗa kai kamar na gane. A raina kuwa cewa nake, yabo za a yi ta yi mini, shiru ai ba zai yi wuya ba.

Babban aikin farko da ta ba mu shi ne kowa ya rubuta ranar da ya bar gida. Ban ko yi dogon tunani ba, na rubuta tawa yadda ta faru.

Ni ɗan fari ne, kuma gidanmu can ƙasar Katsina bai saki al'ada ba. Da yawanku kun san abin da hakan ke nufi. Mahaifiyata ba ta kiran sunana. Ni ne "yaron nan," ni ne "wancan." In ana yabona tashi take ta bar wurin. Da aka yaye ni ma gidan kakata, mahaifiyarta, aka kai ni, ban dawo ba sai da na isa shiga makaranta. To ranar da zan taho Masar, da hantsi, gida ya cika da 'yan sallama, kowa na sa albarka, ita kuwa tana can gefen madafi tana tankaɗen garin masara. Na je na durƙusa na ce zan tafi. Ba ta ɗago ba. Ta ce Allah ya tsare, a dai kula da salla, kamar da rariyar take magana. Ta ce wa ƙanwata ta miƙa wa yaron nan ƙullin yaji da kukar da ke kan turmi. Shi ke nan, ta ci gaba da aikinta, mahaifina ya raka ni tasha. Na rufe labarin da ƙarar rariyar tana bina har zaure. Da na karanta wa kaina sai da na ji kaina ya ƙara girma, na ce yau Larabawan nan za su san an zo da marubuci.

Ranar tattaunawa na sa riga mai guga. Wani saurayi mai yawan karance-karance shi ya fara, ya ce bai taɓa karanta rashin tausayi da aka rubuta da kyau haka ba. Na ɗan yi murmushi, ban gama fahimtar inda ya dosa ba. Sai wata yarinya 'yar unguwar Mohandessin, mai saurin hawaye, ta tambaya ko matar nan matar uba ce, don ita ba ta yarda uwa ce ta haife shi ba. Wani ya ce lallai akwai wani sirri a gidan, wataƙila ba a so haihuwar yaron ba, ya kamata marubuci ya fito da shi fili. Wata ta ce abin da ya fi burge ta shi ne yadda gari ya fi ɗa daraja a wurin matar. Daga nan Turanci ya gagare su, suka koma Larabcinsu, sai "haram" da "maskin" ke tashi ta ko'ina. Ina zaune, na'ura na busa sanyi, ni kuwa gumi ya jiƙa mini rigar gugar. Uwata ake yi wa shari'a a gabana, uwar da ko sauro ba ta so ya cije ni. Na ɗaga hannu. Malama ta dube ni ta saman gilashi, ta girgiza kai, na mayar da hannuna.

Da aka gama ta ba ni dama, na kuwa zuba musu lacca. Na yi bayanin kunya, na yi bayanin ɗan fari, na ce a wurinmu wannan shi ne mutunci, uwar da ke rungumar ɗanta na fari a gaban jama'a ita ake yi wa kallon mamaki. Suka saurara cikin ladabi, irin sauraron da ake yi wa wanda aka riga aka tausaya wa. Malama ta bari na sauke, sannan ta ce:

"Na yarda da bayaninka. Amma bayanin a bakinka yake, ba ya cikin takardar. Ni ban ga son a nan ba. Kai ka gan shi?"

Na buɗe baki zan ce ƙwarai kuwa, sai na tarar ba ni da abin da zan nuna da yatsa.

Mako na zagayowa sai ga 'yar Mohandessin da tukunya a cikin jaka. Mahshi ne, ganyen kabeji da aka naɗe shinkafa a ciki, mahaifiyarta ta dafa mini da hannunta, tare da saƙon cewa kada in damu, ina da uwa a Masar. Na karɓa ina godiya, kunya kamar ƙasa ta tsage. Abokina ya cinye fiye da rabi, yana lashe yatsa yana ba ni shawarar cewa in dai haka ake samun mahshi, mako mai zuwa in rubuta cewa mahaifina ma ba ya sona.

Na yi dariya, amma tambayar malamar ta riga ta shige ni. Mai gidan da muke haya wata ƙatuwar mata ce da ke zaune a hawan ƙasa da namu, tana da ɗa direban bas, mai gemu, da 'ya'yansa. Kullum da safe sai ta leƙo ta baranda tana ƙwala masa "ya habibi, ya albi," in suka haɗu a matakala ta kama kansa ta sumbata. Da can dariya abin ke ba ni, in ce ji ƙato har da gemu ana lallashinsa. Yanzu sai na kama kaina ina rage tafiya a matakalar ina kallonsu. Ranar Juma'a in na kira gida aka ba mahaifiyata waya, maganarmu ba ta wuce lafiya, ya karatu, to madalla, ga ƙanwarka. Kafin a kashe kuma ina jiyo ta tana dariya da autanmu, tana kiran sunansa har da lanƙwasa.

Na zauna na bi rayuwata kaf ina neman abu guda da zan ɗora a takarda. Na sami abinci, na sami wanki, na sami magani in ba ni da lafiya, amma duk ta hannun wani suka iso gare ni. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ni fuskar ce ba a taɓa ba ni ba. Gaskiya tsoro ya kama ni. Na fara tunanin ko kunyar nan suna ne kawai muka sa wa abin, ko da za a ɗaga ta ba za a tarar da komai a ƙarƙashi ba. Yaron da aka ɗauke mata yana ƙarami, ya dawo ya riga ya yi wayo, wa ya ce dole ta shaƙu da shi? Ban gaya wa kowa wannan ba, ko abokina. Ina zuwa aji, ina lissafin ginshiƙai, ina cin ful, dafaffen waken Masar, da safe, amma abin na nan a ƙirjina.

Da lokacin gyaran labari ya zo, na yi abin da rago ke yi. Na ɗauki mai gidanmu ta Ainu Shams na ɗaura mata zanen atamfa na ajiye ta a tsakar gidanmu. A sabon labarin mahaifiyata ta yar da rariya, ta rungume ni, ta yi ta kiran sunana tana kuka. Da na ga abin na tafiya, har na sa ta bi mota da gudu ba takalmi. Ajin ya ji daɗi sosai. 'Yar Mohandessin ta share hawaye ta ce yanzu ne ta samu natsuwa. Ni kuwa ina zaune cikin shiruna na doka, ina jin kamar na sayar da gonar gado.

Da aka tashi malama ta ce in tsaya. Ta jira kowa ya fita, ta tura mini takardun a kan teburi.

"Wannan uwar na san ta," in ji ta. "Uwata ce, uwar kowa ce a ajin nan. Taka fa, ina ka kai ta?"

Na ce tawa ba ta fitowa a takarda. Ta zuba mini ido tana jira, irin jiran nan nata da ke sa mutum ya ƙarasa abin da bai yi niyyar faɗa ba. Sai na ji bakina yana cewa wataƙila ma 'yan ajin ne suka yi gaskiya tun farko. Ba ta lallashe ni ba, ba ta kuma ce a'a ba. Ta ce a ganinta matsalar labarin ba daga uwar take ba, daga inda mai ba da labarin ya tsaya take. Ya fita daga gidan, ya tafi da idonsa, sai ya ɗauka ranar ta ƙare da fitarsa. Ta ce in nemo wanda ya rage a gidan in ari idonsa, in sake rubuta ranar daga can. Har na kai ƙofa ta ƙara da cewa mai yiwuwa in bincika in tarar babu komai, in haka ta faru to shi zan rubuta, kuma ta san ba ƙaramin abu take nema daga gare ni ba.

Na yi kwanaki ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Muddin ban tambaya ba, ina da sauran zato mai kyau da zan riƙe. Daga ƙarshe na kira ƙanwata, na yi ta kewaye-kewaye, na ce wani aikin makaranta ne, ta tuna mini abin da ya faru a gida bayan fitata. Ta ce babu abin da ya faru. Mahaifiyarmu ta gama tankaɗe, ta wanke hannu, ta ce za ta leƙa maƙwabta, ta daɗe a can, ta dawo ta ɗora tuwo. Na ce ba ta yi kuka ba? Ta ce kuka kuma, sai ka ce ba ka san ta ba. Ta ce iyakar abin da ta sani, in tana son jin labarina cewa take, "Mutanen Masar sun kira kuwa?"

 Wato ina tasha ina shirin barin ƙasa, ita tana maƙwabta tana hira. Ƙanwata ta ji muryata ta canza, ta ce in dai labari nake nema in tambayi kaka, tunda ko kaza ta yi ƙwai a garin nan sai ta ji.

Washegari bayan la'asar ta kai mata wayar. Na hau rufin benenmu inda ya fi samun layi, na zauna tsakanin igiyoyin shanya da akurkin tattabarun maƙwabta. Kakata ba ta bari na gama sallama ba ta hau ni da tsiya, wai mijin banza, na tafi na bar ta ba cefane, an ce ma na auri Balarabiya. Na ce ai ita kaka tun a filin jirgi na sake ta, saƙon ne bai iso ba. Muka sha dariya. Sannan na kawo maganar, ina lalube, na ce ranar da na tafi an ce mahaifiyata maƙwabta ta shiga.  Sai na ji kaka ta aiki ƙanwata ɗebo mata ruwa a randa, ta ce kuma kada ta yi sauri.

"Maƙwabta ta shiga, ba ƙarya aka faɗa maka ba," in ji ta. "Aron hijabi ta je."

Daga nan ta warware mini. Mahaifiyata ta ari babban hijabin maƙwabciyarmu da niƙabinta, har da takalminta, don nata kowa ya san shi a unguwa. Ta fita ta ƙofar baya, ta bi lungu-lungu har tasha, ta tsaya a tsallaken titi gefen rumfar mai lemo. Motar Kano ranar ba ta cika da wuri ba, na tuna sarai, tun hantsi muke zaune har aka yi azahar, ina ta tsaki ina duba agogo. Duk tsawon lokacin nan tana tsaye a rana tana kallona. Sai da motar ta tashi ta ɓace mata, sannan ta koma ta mayar da kayan mutane, ta sa maƙwabciyar ta yi mata alkawarin ba mai ji, ta shiga gida ta ɗora tuwo. Abin da ya tona ta takalmin ne. Ya yi mata kaɗan, ya sale mata dunduniya, kaka ta gan ta tana ɗingishi kwana biyu, ta tambaye ta ta ce tuntuɓe ne. Kaka ba ta yarda ba, ta matsa wa maƙwabciyar har ta faɗa.

"Maƙwabciyar ce ta yi alkawari," in ji kaka. "Ni ban yi wa kowa ba."

 Ta ce kuma kada in ɗauka mahaifina bai gan ta ba, namiji ba ya ɓata tafiyar matarsa ko cikin buhu aka sa ta. Ya gan ta tun isowarta, ya yi kamar bai gani ba, shi ya sa ya canza mini wurin zama. Sai a lokacin na tuna. Na riga na kama gidan gaba ina jin daɗi, mahaifina ya zo ya dage sai na koma baya jikin taga ta ɓangaren titi, wai gidan gaba ba shi da tsaro. Na koma ina kumbure-kumbure, ina ganin tsohon nan ya cika takura. Kaka ta ce har yau shi da mahaifiyata ba wanda ya taɓa ɗaga wa wani maganar.

Sannan muryarta ta sauka, ta daina wasan jika da ni. Ta ce mu 'ya'yan fari muna ganin mu aka cuta, ba ma tambayar ita uwar yaya take kwana da abin a ciki. Ta ce ita ta sani, don mahaifiyata ita ce tata ta farin. Ranar da aka kai ta gidan mahaifina, mata na guɗa, ita kaka a bayan rumbu ta wuni. A duk hirar nan kaka ba ta ambaci sunanta ba, "yarinyar nan" take cewa, matar da ta haifi ɗa ɗan jami'a. Sai ga ƙanwata ta dawo da ruwa, kaka ta koma tsiyarta, ta ce in turo mata turaren Masar ko ta kai ni ƙara wurin alƙali.

Na kashe wayar na zauna a rufin nan na yi kuka sosai, irin wanda rabona da shi tun ina yaro. Kukan daɗi ne da na tausayi a haɗe, da kuma kunyar zargin da na yi mata a zuciyata. Abokina ya hawo kwashe shanyarsa ya same ni haka. Bai tambaye ni komai ba. Ya kwashe kayansa a hankali, ya ninke, ya tsaya har na lafa, sannan ya ce, "Khalas, ya isa haka, ya akhi. Yalla, taso, an kusa kiran magariba."

Na sake rubuta labarin da idon maƙwabciyar, matar da aka shigo wa ana neman aron takalmi ba a faɗi dalili ba. Farkon kuwa ban taɓa shi ba, na bar rariyar da ƙullin yajin da fuskar da ba ta ɗago ba, yadda suke. Na yi ta waswasi ko tona mata asiri nake yi, sai na lallashi kaina da cewa da Turanci ne, a wata ƙasa, gaban mutanen da ba za su taɓa haɗuwa da ita ba. Ranar tattaunawa na zauna na kama bakina, sai na ga su ma sun kama nasu.  Malama ce ta cire gilashi ta ce, "Ahlan. Ga ta nan ta iso." Bayan kwana biyu 'yar Mohandessin ta tare ni a ƙofar aji, ta ce ta fassara wa mahaifiyarta labarin, kuma uwar ta ce in na je gida in ba wa mahaifiyata haƙuri a madadinta. Na ce to. Ban dai isar da saƙon ba, don ban san ta inda zan fara ba.

Da dogon hutu na je gida. Babu abin da ya canza. Na durƙusa na gaishe ta, ta dubi gefe ta ce, "Mutanen Masar an iso?" ta sa ƙanwata ta kawo mini fura. Ranar komawa ma haka, Allah ya tsare, a kula da salla. Mahaifina ya raka ni tasha. Ban jima da zama a mota ba na saci kallon tsallaken titi ta wutsiyar ido, sai ga wata mata gefen rumfar mai lemo cikin hijabin da ya yi mata yawa.  Duk jikina so yake in tsallaka in durƙusa a gabanta, ko in ɗaga mata hannu kawai. Amma na san in na yi haka na ƙwace mata abu ɗaya da ta mallaka, ba za ta ƙara zuwa ba, kuma ba za ta ƙara iya haɗa hanya da ni a tsakar gida ba.

Sai na fito daga motar. Na tsaya a fili inda babu abin da ya kare ni, na juya gefe, na gyara hula, na yi ta 'yan kai-da-kawo a hankali don ta ga na yi ƙiba, ta ga ƙafata lafiya, ta ga rigar da ta sa aka ɗinka mini ta zauna daidai. Mahaifina na tsaye kusa da ni yana jan carbi, idonsa a kan wata motar daban. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Cikin motar akwai zafi. Gara ka tsaya a nan har ta cika." Muka tsaya mu biyu a rana, kowa na kallon inda ba nan ne zuciyarsa take ba, har ɗan kamasho ya kira fasinja.

Ban zama marubuci ba. Kwalbatoci da azuzuwan makaranta nake ginawa, kuma wannan da kuke karantawa shi ne rubutu mafi tsawo da na yi tun barina Masar. Amma in aka tambaye ni abin da ya fi amfanata a karatuna, ƙaramin fannin nan da na ɗauka don hutu nake tunawa. Shi ya koya mini cewa abin da idona ya gani a kan mutum ba shi ne ƙarshen labarinsa ba, akwai abin da yake yi bayan na juya baya. Har yau in na ji zuciyata na shirin yanke wa wani hukunci, nakan tambayi kaina wa ya rage a gidan bayan fitata. Ni dai ban riƙe al'adar ba, ɗana na fari sunansa a bakina yake wuni, har mahaifiyata kan ce 'ya'yan zamani ba su da ta ido. Amma na daina ganin tata hanyar a matsayin rashi. Na san abin da take biya.

Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta. Mahaifiyata na nan, sai dai gwiwoyi sun hana ta doguwar tafiya, ko gidan maƙwabta sai da sanda. Da na sami hali na sake gina gidanmu, na fitar wa ɗakinta taga ta ɓangaren ƙofar gida, na sauke ta ƙasa daidai wanda ke zaune a bakin gado. Magini ya ce ba a yin taga a nan, na ce a yi. Ita kuma da ta gani ta ce wannan taga ta mece ce, ban da kwasar hayaniyar waje, ta sa aka rataya mata labule mai kauri.

Yanzu duk ranar da za mu koma bayan mun je gaishe ta, in na yi sallama na fito, sai in buɗe gaban mota. In duba mai, in duba ruwa, in zagaya in taɓa tayoyi ɗaya bayan ɗaya, in goge gilashin da na riga na goge. Yara na ciki suna ƙorafin zafi, suna cewa Baba motar nan fa lafiyarta ƙalau. Na san lafiyarta ƙalau. Ba na ɗaga kai, amma ta wutsiyar ido ina ganin gefen labulen ya ɗan ɗage, kuma ba na tayar da mota sai ya koma ya rufe.